Daga Gombe Zuwa Dutsen Ƙanƙara: Yadda Muka Kai Iyalin Yayana Wasan Zamiya

Maganar ta faro ne daga wayar Anti, matar yayana, a watan Agustan 2024, ana tsakiyar damina. 'Yar yayana ta uku, mai shekara tara, ta ga bidiyon wasu yara suna gangarowa daga kan dutse fari fat, ƙafafunsu ɗaure da dogayen alluna. Ta kai wa babanta, ta ce ita dai nan take so a kai ta. Yayana ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, wake da riɗi da masara, kuma mutum ne da in ya ce "to" a gaban yara ba ya janyewa. Ya ce to. Da daddare ya kira ni, don ni na yi karatu a Turkiyya, ya ce, "Kai ka san ƙasashen sanyi. Ka tsara mana."

Tun da muka dawo, duk wanda ya tare ni da zancen tambayarsa ɗaya ce: nawa kuka kashe? Kuɗi an kashe, babu musu, amma ba su ne suka hana ni barci ba.

Mutum shida ne a gidan: Yaya, Anti, babbar 'yarsu mai shekara 15, namiji mai 12, wadda ta kawo maganar, sai auta mai shekara biyar. Ni ne na bakwai, tafinta kuma ɗan dako. Sanyin da suka sani shi ne na hunturun Gombe, da wani kwana biyu da suka taɓa yi a Jos. Yarinyar mai shekara tara tana da sikila, SS. A watan Agusta na ɗauki wannan a matsayin abin da za a magance da rigar sanyi mai kauri. Shi ya zo ya juya tsarin gaba ɗaya.

Ina za a je, kuma yaushe

Lokaci shi ya fara rage mana zaɓi. A Turai da Turkiyya ana wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ne daga Disamba zuwa wajen Afrilu. Makarantun yaran suna ba da hutu a tsakiyar Disamba, su koma a Janairu, hutun da ke biye kuwa ya faɗa cikin azumi, don an ɗauki azumin 2025 ne ranar 1 ga Maris. Saura Disamba kenan, watan da Yaya ya fi kowane aiki saboda kaka.

Faransa da Suwizalan muka fara cirewa. Bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen biyu da ita, tun Yunin 2024 yuro 90 ce ga babba, 45 ga yaro mai shekara shida zuwa ƙasa da 12, sai an haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma in aka hana ka kuɗinka ya tafi. Ga shi makon Kirsimeti shi ne mafi tsada a tsaunukan Alps. Ga tambayar abincin halal sau uku a rana da yara huɗu.

Moroko ta ba ni sha'awa. Oukaimeden tana kan tsaunukan Atlas, tafiyar kamar kilomita 75 daga Marakesh, ƙasar Musulmi ce, abinci babu fargaba. Amma shekarun fari sun sa dusar ƙanƙarar wurin ba ta da tabbas, kana iya zuwa a Disamba ka tarar da duwatsu tsirara. Wurin kuma yana wajen mita 2,600 sama da teku. A kudancin Afirka akwai Afriski a Lesoto, inda sanyinsu yake daga Yuni zuwa Agusta, sai dai ya haura mita 3,000, kuma sai an bi ta Johannesburg a yi tafiyar mota mai tsawo.

Ni abin da na ba da shawara shi ne dusar cikin gini. Akwai Ski Dubai da aka buɗe a 2005 a cikin wani babban kanti, akwai irinsa a Masar kusa da Alƙahira. Ka shiga awa biyu, ka fito cikin ɗumi, babu hawan dutse. Yaya ya yi dariya ya ce, "Ƙanƙarar firji zan biya kuɗin jirgi in je gani? Ai muna da ita a gida in an kawo wuta."

Haka muka tsaya a kan Turkiyya. Akwai Uludag kusa da Bursa, akwai Palandoken a Erzurum, akwai Erciyes. Na zaɓi Erciyes saboda birnin Kayseri yana gindinsa, kilomita kamar 25 kacal, babban birni ne mai filin jirgi da manyan asibitoci, har da na jami'a. Na kuma lura da abu biyu: Kirsimeti ba hutu ba ne a can, amma sabuwar shekara otal-otal suna ɗaga farashi, kuma a ƙarshen Janairu makarantunsu suna hutun mako biyu, dutsen ya cika maƙil. Sai muka sa kwana bakwai, mu sauka kafin sabuwar shekara.

Abin da likita ta ce

A watan Satumba, ranar asibitin yarinyar, na raka Anti don in karɓo takardar tafiya. Na zaci minti biyar ne. Likitar ta ajiye biro ta tambaye ni tsawon wurin. Na ce dutsen mita 3,917 ne, amma inda ake fara wasan, Tekir, wajen 2,200 ne. Ta ce, "Ka san Chappal Waddi a Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya? Mita 2,419 ne. Wato kusan can za ku kwantar da ita."

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Abu uku ne suka fi tayar da ciwon, kuma dutsen ƙanƙara ya haɗa su duka. Sanyi yana tsuke jijiyoyi. Tsawo yana rage iskar da jini ke samu, ƙwayoyin jinin mai sikila kuwa in iska ta yi ƙasa sai su lanƙwashe kamar lauje su toshe hanya. Na uku ƙarancin ruwa a jiki: iskar dutse busasshiya ce, mutum yana asarar ruwa ta numfashi, sanyi kuma ya hana shi jin ƙishirwa. Ta ƙara da cewa jirgin kansa, iskar cikinsa kamar ta wanda ke mita 1,800 zuwa 2,400 ce, don haka a riƙa ba ta ruwa, tana miƙewa tana takawa, kar a bar ta cikin sanyin na'ura.

Sannan ta faɗi abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba. Tunda yarinya SS ce, uba da uwa duk suna ɗauke da shi. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, amma a kan tudu mai tsawo, musamman da aikin ƙarfi, akan samu wanda saifarsa ke toshewa. Ba ya yawan faruwa, amma duk wanda ya ji ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, a sauko da shi nan take a kai asibiti.

Hukuncinta a taƙaice: ita da za a bi ta tata, a bar yarinyar a gida. In kuwa an nace, to ba hawan dutse, ba wasa cikin dusa.

An yi mako biyu ana ja a gidan. Hajiya, mahaifiyarmu, ta ce a bar mata jikarta a Jekadafari, wanda ya ga dama ya je ya sha sanyinsa. Anti ta ce ko dai a fasa gaba ɗaya. Yaya ya ce shi ba zai ɗebi yara uku ya bar wadda ta nemi tafiyar tana kallonsu a waya ba, wannan ciwon ya fi na ƙashi. Ni ina tsakiya, ƙani ba ya yanke wa wa hukunci a kan 'yarsa.

Abin da aka daidaita a kai: na soke ɗakunan da na kama a otal ɗin kan dutse, na kama wasu a cikin Kayseri, wadda take wajen mita 1,050, ƙasa da Jos ma. Masu wasa su hau da safe su sauko da yamma, yarinyar ba ta hawa, kullum babba ɗaya yana tare da ita. Muka ɗauki magungunanta a jakar hannu, da takardar likita da Turanci mai sunan kowane magani, don masu kashe zafi masu ƙarfi ƙasashe da yawa suna sa musu ido. Likitar ta ce in wani ya yi zazzaɓi a can, kalmar farko da za mu faɗa wa likitocinsu ita ce daga ƙasar maleriya muka zo, don su ba ita za su fara zato ba.

Saukowar nan ta zo mana da riba biyu da ban lissafa ba. Otal a gari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma sauran ma sun fi samun barci, don sabon zuwa da ya kwana a tudu yakan tashi da ciwon kai.

Takardu da kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfon yara biyu ya kusa ƙarewa, muka sabunta tun Satumba. Biza muka nema a Oktoba ta Abuja, da takardar banki, da takardun haihuwa, da shaidar otal da jirgi. Katin rigakafin shawara ma muka haɗa.

Dala a lokacin ta haura naira 1,500, kuma katin naira na yawancin bankuna ba ya aiki a waje, sai a tsakiyar 2025 aka dawo da shi. Da katin dalar Yaya aka biya otal, sauran muka riƙe a hannu muna canzawa zuwa lira kaɗan-kaɗan. Tikitin jirgin mutum bakwai shi ya cinye fiye da rabin kasafin. Abin da mutane ba sa sani shi ne wasan kansa kuɗi huɗu ne daban-daban: hayar kaya, tikitin hawa, kuɗin mai koyarwa, da motar kai da komo. Wanda ya lissafa jirgi da otal kawai zai isa gindin dutse ya tsaya kallo.

Inshora ce ta kusa yi mana sakiyar da ba ruwa. Wakilin da ya haɗa mana takardun biza ya sayo mafi araha, wadda za ta gamsar da ofishin jakadanci kawai. Da na zauna na karanta ƙananan rubutun, na ga abu biyu da ta ce ba ruwanta da su: wasannin ƙanƙara, da ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya. Wato daidai abu biyun da muke tsoro. Muka sake sayen wata, muka bayyana sikilar ƙarara, aka ƙara kuɗi, muka biya.

Kaya

Nan Anti ta fi ni. Na aiko mata da bayani cewa hawa uku ake sawa: na jikin fata mai tsotse gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga ba ta shiga ciki, don tana shan gumi ta riƙe, sai ta koma ita ce ke sanyaya ka. Shadda da atamfa sai dai a sa a jirgi. Ta shiga layin 'yan gwanjo a Babbar Kasuwa, ta fito da jaket-jaket na ainihin ƙasashen sanyi, waɗanda masu sayarwa ke neman kai da su don sun yi wa Gombe nauyi.

Kuskurena safar hannu. Na bari aka sayi na saƙa, irin na 'yan acaɓa a hunturu. Minti goma a cikin dusa suka jiƙe sharkaf, auta ya fara kuka yatsunsa na zogi. A can muka sayi masu hana ruwa, da tsadar kan dutse. Tabarau ma dole ne, don dusa tana mayar da hasken rana cikin ido har ta ƙona shi, kuma baƙar fata ba ta hana leɓe tsagewa.

Hijabi kuwa, na gaya wa Anti da babbar 'yarta cewa duk abin da ke reto yana iya maƙalewa a ƙarfen kujerar da ke ɗaukar mutane sama. Suka sa ƙarami suka cusa shi cikin jaket, hular kwano a bisa, da riga mai kaiwa gwiwa a kan wandon. Mata da yawa a can haka suke yi, babu mai kallon kowa.

Hanya

Na so mu tashi daga filin jirgin Lawanti ranar da za mu bar Abuja. Anti ta ce a'a, Disamba ce, a ba da kwana biyu. Na ga kamar ɓata kuɗin otal ne. Ranar hazo ya rufe gari, aka soke jirgin. Washegari bayan asuba muka ɗauki mota biyu, ta Alkaleri, Bauchi, Jos, Akwanga, muka shiga Abuja da yamma. Da an bi tawa, da tikiti bakwai sun bi ruwa. Daga Abuja zuwa Istanbul kusan awa bakwai, daga nan zuwa Kayseri kamar awa ɗaya da rabi, agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

A kan dutse

Mota tana hawa, sanyi yana ƙaruwa, kusan maki shida a duk mita dubu. A shagon haya aka tambayi tsawon kowa da nauyinsa da lambar takalminsa. Yaya ya so ya rage kilo biyar saboda idon yara, na ce masa kada ya soma, da wannan nauyin ake saita maƙallin da zai saki ƙafarka in ka faɗi, in bai saki ba gwiwa ce ke biya. Takalmin kuwa roba ce mai tauri har ƙauri, tafiya da shi kamar an sa wa mutum mari.

Darasin farko ba gudu ba ne, faɗuwa ce da tashi, sai tsayawa: ka haɗa kan allunan ka ware bayansu, kamar bakin garma. Layukan gangara suna da launi, shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye, sabon shiga kuwa yana wani fili mai ɗan gangare a ƙasa. Mai shekara 12 a rana ta uku ya fara sauko shuɗi shi kaɗai. Yayarsa ta fi shi natsuwa, ta fi shi ƙarancin faɗuwa. Auta ya ƙi allunan ƙememe, ya tare a wurin da ake zama kan wani ɗan kwando ana sulalowa, kuma ina ganin ya fi kowa morewa. Na biya darasin kwana biyar, uku sun isa, don a rana ta huɗu cinyoyin kowa sun yi tsami.

Yaya rana ɗaya ya yi. Ya faɗi sau huɗu, na biyar ya zauna a wurin ya ce, "Wannan wasan yara ne." Daga nan shi ya karɓi zama da yarinyar, kuma bai yi asara ba. Mutanen Kayseri su ne Kanawan Turkiyya wajen ciniki, ƙasar kuma tana cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya. Da rana, in gari ya ɗan sake, sai ya naɗe ta ya kai ta tsohuwar kasuwarsu mai rufi, yana tambayar farashin riɗi da wayarsa tana fassara. Suka gano fastirma, naman sa busasshe da aka shafe da yaji, wanda ya ce kilishi ne da bai ga wuta ba, da saleb, abin sha mai kauri da zafi kamar kunun gyaɗa.

Salla sai da dabara. Rana tana fitowa kusan ƙarfe takwas, ta faɗi biyar da 'yan mintuna, azahar da la'asar suna bin juna kurkusa. Tunda mun yi niyyar zama fiye da kwana huɗu, babu ƙasaru. Cire takalmin nan da mayar da shi aiki ne, sai muka riƙa tsayar da wasa sau ɗaya, a ci abinci, a yi azahar, a ɗan jira la'asar, sannan a koma.

Yarinyar

Kwana biyun farko ba ta ce komai ba. Daga tagar ɗakinsu ana hango dutsen, fari, ya tokare sama. Na uku da muka dawo ana ta labarin wa ya faɗi, ta ce, "Bappa, ni fa na ce a zo." Babu wanda ya amsa.

Washegari yayanta, mai shekara 12, ya zazzage kular abincinmu ya cika ta da dusa sabuwa, ya rungume ta a mota har gari. Aka ƙure na'urar ɗumama ɗaki, aka sa mata safar hannu mai hana ruwa, aka buɗe kular a tsakar ɗaki. Ta ɗiba, ta dunƙule, ta jefi babanta. Ta ƙara ɗiba ta duba da kyau, ta ce, "Ashe irin ta jikin firji ce." Yaya ya kalle ni, na kalli ƙasa. Minti biyar Anti ta rufe kular.

Daren kwana na biyar ƙafarta ta fara ciwo. Ba mu san ko iskar da ta buge ta a hanyar kasuwa ba ce, ko gajiya, ko dai lokacinsa ne ya yi. Aka ba ta magani kamar yadda likita ta rubuta, ruwa mai ɗumi kofi bayan kofi, tawul mai zafi a ƙafar. Na zauna da lambar tasi a hannu da sunan asibiti rubuce a takarda, mun yanke in zazzaɓi ya shigo, ko numfashi ya canza, ko maganin bai kama ba, mu tafi. Wajen ƙarfe uku ta yi barci. Kapadokiya, wani wurin yawon buɗe ido da muka shirya zuwa washegari, tafiyar kamar awa ɗaya, muka fasa.

Har yau ni da Yaya ba mu daidaita ba. Shi yana cewa ta je, ta gani, ta dawo lafiya, kuma ba a ware ta ba. Ni ina ganin mun yi caca ne muka ci, kuma da mun bi shawarar dusar cikin gini, ko ma tafiyar da babu sanyi a cikinta sam, da ita ce za ta zama tsakiyar tafiyar maimakon mai jiran a dawo. In wani mai irin wannan yarinya ya tambaye ni, abin da zan ce ya fara da asibiti kafin ya ce wa yaro to.

Mun fi mako uku da dawowa, ranar 21 ga Janairun 2025, gobara ta tashi cikin dare a wani otal na masu wasan zamiya a Kartalkaya, lardin Bolu, ana tsakiyar hutun makarantu. Mutum 78 suka rasu, da yawansu yara. Ba dutsenmu ba ne, da nisa tsakaninsu. Yaya ya kira ni daga kasuwa, ina jin ƙarar masu awon wake a bayansa.

"A wane hawa muka kwana?"

Na ce na shida.

"Matakalar gudu tana ta wane ɓangare?"

Na yi wata huɗu ina tsara tafiyar nan, na karanta inshora layi-layi, na san tsawon kowane dutse. Na ce, "Wallahi Yaya, ban duba ba."